Sandar Koci Guda Ɗaya Ce

Litinin, 1:10 na rana

Na sami wuri. Bene ne a saman shagon mai tangaran, ɗaki ɗaya dogo mai taga biyu, an rubuta Gidan Motsa Jiki a jikin ƙofa. Kwana biyar na yi ina zama a ɗakin karatu, ranar Juma'a na hango matar mai ɗaukar hoton ofishinmu ta shigo mayar da littafi, sai na san zamana a can ya ƙare. Nan kuwa wanda ya san ni ba zai hau matakala ashirin da biyu don neman wahala ba.

Don kada a manta: Babban Edita bai ce an kore ni ba. Cewa ya yi in ɗan huta a gida har kwamiti ya zauna kan abin da ya fito a shafi na tara. Shekara ashirin da uku ina gyara rubutun mutane a gidan jarida, na san bambancin maganganun biyu. Maman yara ba ta sani ba tukuna. A falo take ɗinkinta, saboda haka hutawa a gida ba za ta yiwu ba. Bakwai da rabi nake fita da jakata, in dawo biyu da rabi, kamar kullum. Zan gaya mata. Jimlar farko nake nema.

Mai wurin, Koci ake ce masa, matashi ne mai wuya kamar turmi. Kayan aikinsa: benci ɗaya, maɗorin sanda ɗaya, fayafayan ƙarfe, da doguwar sanda guda ɗaya tak mai nauyin kilo ashirin. Dokarsa ma ɗaya ce. Ba a yar da ƙarfe a ƙasa, domin rufin mai tangaran shi ne daɓenmu.

Laraba, 12:40 na rana

Tsarin Koci abu huɗu ne: ɗago sanda daga ƙasa, tsuguno da ita a kafaɗa, tura ta sama, da jawo ta zuwa ciki. Kowanne a rabe ake yin sa. Ka yi sau biyar, ka ajiye, ka huta, ka sake. Na tambaye shi hutun minti nawa ne.

Ya ce, "Biyu zuwa biyar, Baba."

Na ɗauki biyar. Na yi lissafi a bayan wannan littafin: zagaye uku na ɗumama jiki, biyar na aiki, sau huɗu, da sauya fayafayai, da jiran layi, da wanke fuska, mutum mai natsuwa zai kai sha biyu saura kwata. Daga nan shayi, sai motar da ta fi zagaye.

Mu uku ne 'yan safe. Akwai Nas, wanda ke shiga asibiti takwas da rabi, da Mai Walda, wanda shi ya ƙera rabin fayafayan. Na ce musu aikin jarida na yamma ne. Wannan ba ƙarya ba ce, akwai masu yin sa da yamma.

Alhamis, 6:30 na yamma

Ban iya sauka daga mota ba sai da na dafa kafaɗar wani bawan Allah. Maman yara ta ce me ya sami tafiyata. Na ce kujerar ofis ce.

Litinin, 1:00 na rana

Ba a kira ba.

Tsuguno kilo arba'in da biyar. Turawa sama ashirin da bakwai da rabi. Wannan ne wuri na farko a rayuwata da lambobi ke ƙaruwa ba tare da an kira taro ba.

Talata, 12:55 na rana

Nas ya tayar da magana. Ina zaune a benci, agogo a hannu, minti na uku cikin biyar, sai ya tsaya a kaina.

"Edita, sandar nan kana amfani da ita ne ko gadinta kake yi?"

Na ce ina hutawa ne, kuma hutun yana cikin aikin.

"To ka huta daga nesa mana. Ka ɗora mata kilo hamsin ka zauna kana kallonta, ni kuma saura minti ashirin in tafi wanke ciwo."

Daga nan ya fito da abin da ke ransa. Wai a haɗe atisayen huɗu. Mutum ya ɗauki sanda, ya ɗago, ya jawo, ya ɗauke ta zuwa ƙirji, ya tura sama, ya sauke ta a bayan wuya, ya tsuguna, ya sake tsallakar da ita ta kansa, duk ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Zagaye huɗu, minti ashirin, kowa ya kama gabansa.

Mai Walda ya yi tsaki. Ya ce wannan wasan masu sauri ne. "Idan ka haɗa su, nauyin da hannunka zai iya turawa sama shi za ka ɗora, ko ba haka ba? To ƙafarka da ke ɗaukar ɗari, me za ta ci a kilo talatin? Ka gayyaci ƙato ka zuba masa abincin jariri."

Ban taɓa son mutum farat ɗaya kamar yadda na so Mai Walda a wannan lokacin ba.

Laraba, 1:20 na rana

Abin ya fi yadda na zata. Koci ya ja ni gefe ya ce wata makaranta ta neme shi ya riƙa koyar da motsa jiki, daga tara da rabi. Idan 'yan safe suka yarda da haɗawa, zai kulle da ƙarfe tara, sai biyar na yamma ya buɗe. Idan ba su yarda ba, zai haƙura, domin ba ya son a ce ya kori mutane. Ya ce ranar Juma'a ta sama za a ɗaga hannu.

Daga tara zuwa biyu da rabi awa biyar da rabi ne. Na lissafa sau biyu.

Na ce masa ni ba don kaina nake magana ba, don ilimi ne.

Alhamis, 7:05 na safe

Zan gaya mata yau.

Alhamis, 6:50 na yamma

Tana da aikin gaggawa, riguna tara na wata makaranta. Ba a katse mai ɗinki.

Asabar, 11:30 na safe

Na kwana biyu ina karatu a waya, kuma a matsayina na mai adalci zan rubuta abin da na samu kamar yadda yake. Rabewa ta fi gina ƙarfi, domin kowace gaɓa tana samun nauyin da ya dace da ita, kuma tana hutawa kafin a sake nemanta. Haɗawa ta fi gina numfashi da juriya, ta fi sauri, ta fi dacewa da wurin da sanda ɗaya ce kuma mutane na da wurin zuwa. Babu wanda ya fi wani sai an san abin da mutum yake nema.

A takardar da zan kai wa Koci na saka sashen farko kawai. Shafi uku ta yi. Da wani ne ya kawo mini irinta a ofis, da na mayar masa na ce ya je ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Da an riƙa jin ta bakin ɗaya ɓangaren ma, da ba a nan nake ba. Kiran waya ɗaya ne. Lambar gidan mutumin da aka yi rubutun shafi na tara a kansa tana kan teburina.

Lahadi, 5:15 na yamma

Maman yara ta tsayar da ni a ƙofar ɗaki ta zagaya mini tef ɗin awo a wuya. Ta auna kafaɗa. Ta duba littafin awonta.

"Malam, ka ƙara inci ɗaya a sama ka rage ɗaya da rabi a ciki. Wace irin kujera ce wannan?"

Na ce ina hawa matakala ne maimakon lif. Ta juya tafin hannuna ta ga kanta huɗu a jere. Ta ce ashe da hannu ake hawa matakalar. Na yi dariya, ita ma ta yi, amma tata ta riga tawa ƙarewa.

Litinin, 12:30 na rana

Na miƙa wa Koci takardar. Ya karanta shafin farko a tsaye, ya ce, "Baba, duk wannan a kan tsuguno?" Nas ya karɓa ya duba ƙarshe, kamar yadda masu karatun jarida ke yi, ya ce a asibitinsu ko wanda aka yi wa tiyata ba ya hutun da nake yi.

Na kuma rubuta wa Koci a ƙasa cewa maɗorin sanda ya tsage a ƙafar hagu, ya kamata a gyara. Ba na iya ganin kuskure in yi shiru. Sai dai wanda ya wuce ta gabana da manyan baƙaƙe da hoto.

Talata, 1:05 na rana

Ba a kira ba. Na kira ofis. Sakatariya ta ce kwamiti bai cika ba, mutum ɗaya ya yi tafiya. Ta tambaye ni yaya hutu. Na ce tsuguno kilo sittin.

Laraba, 12:15 na rana

Na saya wa Mai Walda shayi da burodi. Ba cin hanci ba ne, mun fito tare ne kuma mai shayin yana kan hanya. Ya ce, "Yallaɓai, kada ka damu. Ni da haɗawa sai dai a lahira." Na sa aka ƙara masa ƙwai.

Juma'a, 9:40 na safe

Biyu da ɗaya.

Mai Walda ya ɗaga hannu tare da Nas, bai kalle ni ba. Daga baya ya same ni a matakala ya ce matarsa ta haihu shekaranjiya, yanzu shi ke kai manyan 'ya'yansa makaranta, minti ashirin ɗin nan su ne kaɗai nasa. Na yi masa barka. Da gaske na yi, sai dai muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwa.

Koci ya ce daga Litinin. Ya ce, "Baba, za ka ji daɗinsa. Kafin tara ka gama, ranarka duk taka ce."

Asabar, 4:00 na yamma

Na zagaya unguwanni uku ina duba inda mutum zai iya zama awa biyar da jaka a hannu ba a tambaye shi ba. Tashar mota, akwai masu sayar da jarida, sun san ni. Asibiti, akwai Nas. Kotu ta fi dacewa, amma wakilinmu kullum yana can.

Zan gaya mata.

Lahadi, 6:00 na yamma

Ban gaya mata ba.

Talata, 10:20 na safe

Ina kwance a daɓen falo nake wannan rubutun, littafin yana kan matashi. Jiya ban iya riƙe biro ba. Zan rubuta abin da ya faru bi da bi.

Takwas da minti biyar Nas ya gama, yana haki yana murmushi. Takwas da ashirin da biyar Mai Walda ya gama da kilo hamsin, ya saɓa maɗorin sanda a kafaɗa ya tafi da shi shagonsa, saboda takardata. Koci ya ce, "Baba, saura kai. Ka sa ashirin da biyar, kada ka wuce. Bari in sauka in sha shayi, in na dawo mu kulle."

Ashirin da biyar. Ni da na tsuguna da sittin ranar Juma'a. Na sa arba'in. Dalilina shi ne in tabbatar a aikace cewa tsarin bai dace da mai ƙarfi ba. Ban sa makullan da ke riƙe fayafayai ba, domin Nas ya ce komai da sauri ake yi.

Ɗagowa shida, lafiya. Jawowa shida, da ƙyar. Na ɗauke ta zuwa ƙirji, na taimaka da gwiwa na tura ta sama sau ɗaya, na sauke ta a bayan wuya. Tsuguno shida. Sai na zo mayar da ita gaba ta saman kaina.

Ta ƙi. Na sake, ta tashi kamar faɗin yatsa biyu ta dawo. A nan na fahimci maganar Mai Walda fiye da yadda shi ya fahimce ta: ƙafata tana da sauran ƙarfi, amma hannuna ne ke da hanyar fita, kuma ya riga ya tashi daga aiki.

Na duba zaɓin da nake da shi cikin natsuwa. Maɗori yana shagon walda. In sake ta ta baya, rufin mai tangaran. In karkata gefe ɗaya, faifai zai zame, sai ɗayan ya biyo, rufin mai tangaran sau biyu. Dakalin taga bai kai faɗin tafin hannu ba. Na yanke shawarar in zauna a benci in yi tunani. Wannan shi ne kuskure na biyu, domin da na zauna sai bayana ya riƙe, tashi kuma ya gagara.

Na kira Koci sau uku. Ban ɗaga murya sosai ba, saboda kada mutanen titi su taru. Ta taga ina jin sa yana ba mai shayi labarin sabon aikinsa, har da albashin da yara. Agogon bango yana gabana. Minti goma sha tara na yi a zaune da kilo arba'in a wuya, wanda shi ne hutu mafi tsawo da na taɓa yi a wurin.

Da ya hawo ya gan ni, bai yi dariya ba, kuma zan riƙa tuna shi da wannan. Ya ɗauke sandar da hannu biyu kamar mai ɗauke tsintsiya. Ya ce in miƙe. Na ce ina nan dai tukuna. Ya fita baranda da waya, na zaci Nas yake kira. Ashe takardar rajista ya ɗauko, inda na rubuta da hannuna, da kyakkyawan rubutu, lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru.

Tara da kwata ta iso, da zare a jikin mayafinta. Ta hau matakala ashirin da biyun nan, ta tsaya a ƙofa ta dubi ɗakin, ta dubi rigar ofishina da ke rataye a ƙusa, ta dubi jakata, sannan ni.

Koci, don ya kwantar mata da hankali, ya ce, "Hajiya, kada ki damu, Baba jarumi ne. Mako uku cur, daga takwas har sha biyu, ko rana ɗaya bai yi fashi ba."

Ta ce, "Daga takwas har sha biyu."

"Wallahi. Ni ma sai na roƙe shi yake tafiya."

Ta yi masa godiya. Su biyu suka sauko da ni.

Talata, 5:30 na yamma

A mota na gaya mata, jiya. Jimlar da na yi wata guda ina nema ba ta zo ba, sai na ce kawai, "An dakatar da ni." Direba ya rage rediyo.

Muka isa gida. Da ta shimfiɗa mini bargo a ƙasa ta ce, "Ba dakatarwar ce ta dame ni ba, Malam. Wata guda ina tashi shida saura ina goge maka riga, don ka je ka rataye ta a ƙusa."

Tun daga nan ba ta ƙara magana ba. Abinci yana zuwa. Ruwan zafi yana zuwa. Keken ɗinki yana aiki a kusa da kaina kamar ba kowa a falon.

Laraba, 2:00 na rana

Nas ya zo dubiya, ya matsa bayana ya ce tsoka ce, kwana biyar. Ya ce, "Edita, ashirin da biyar aka ce maka." Mai Walda ya aiko a ce mini maɗori ya gyaru.

Ta gaisa da Nas da fara'a. Da ya fita fara'ar ta bi shi.

Alhamis, 11:00 na safe

Shiru.

Juma'a, 4:45 na yamma

Sakatariya ta kira da safe. Kwamiti zai zauna ranar Talata, goma. A gabanta na amsa, da ƙarfi, don ta ji.

Bayan azahar, ba tare da ta ɗago daga ɗinki ba, ta ce, "Ina jaridar?"

Tana cikin jakata tun ranar. Na ce ta ɗauko. Ta ce a'a, ni zan karanta mata, tunda ni ne mai aikin. Na buɗe shafi na tara ina kwance, na karanta mata sanarwar rasuwar tun daga kanun har ƙasa: shekarar haihuwa, makarantun da ya yi, alherin da ya shuka, 'ya'ya da jikokin da ya bari. Rubutu ne mai kyau. Ni na gyara shi, babu waƙafi ɗaya da ya kauce.

Ta tsayar da keken.

"To shi mutumin ya gani?"

"Shi ya kawo jaridar ofis."

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa. Ya hau har bene na uku."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya gode da yabon, amma an rage masa jika biyu."

Ta kife fuska a kan rigar da take ɗinki. Da farko na zaci kuka ne, sai na ga kafaɗunta na rawa. Ta yi dariya har ta cire ƙafa daga keken, ta share ido da bakin mayafi, ta ce ranar Talata tare za mu je, za ta jira ni a ƙasa, kuma duk abin da suka ce a can ita za ta fara ji, kafin mai shayi.

Na ce to. Ta ce in daina dariya, bayana zai sake riƙewa. Ya riƙe ɗin.